Ludayi Uku na Shuɗi

An ce wani sarki ya taɓa mulkin Misra, tun daga inda kogin Nilu ke karo da duwatsu har inda yake zuba cikin teku. Masu ba da labarin ba su riƙe sunansa ba. Mutanen wancan zamani hasken addini bai iske su ba, saboda haka duk abin da suka ɗaga ido suka gani sai su raɗa masa suna, su ba shi uwa da uba. Sama a wurinsu mace ce, suna kiranta Nut. Sun ce sunkuyawa ta yi bisa duniya, yatsun ƙafarta a gabas, na hannunta a yamma, jikinta duk taurari. Kullum da yamma takan haɗiye rana, da safe ta sake haifo ta. Don haka in mutum ya mutu sai su zana ta a murfin akwatin gawarsa, ta ciki, inda mai rai ba zai ƙara gani ba. Fuskarta na duban fuskar mamacin, hannuwanta a miƙe kamar na mai shirin lulluɓe yaro. A ganinsu, wanda aka rufe ba tare da ita ba, tsirara aka bar shi cikin duhu har abada.

Wata shekara, bayan ruwan kogi ya janye, zazzaɓi ya shigo gari. Bai tambayi gidan kowa ba. Ya shiga bukkar masunci, ya shiga fada, ya ɗauke ɗan sarki guda ɗaya tilo, yaro ɗan shekara bakwai. Aka sa gawar cikin kanwa don kada ta ruɓe, kamar yadda suke yi wa manyansu har kwana saba'in kafin a binne. Sarki ya yi kwana uku a ɗaki bai fito ba. A rana ta huɗu babban mai tsafin fada ya zo ta'aziyya, ya rusuna ya ce, "Ya sarki, ka sanyaya zuciyarka. Nut ta karɓe shi."

Sarki ya ɗago kai ya ce, "Ta karɓe shi? Wa ya miƙa mata?"

Mai tsafi ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Macen da ke haɗiye abin da ta haifa, ita kuke kira uwa? In a cikin talakawana aka sami irinta, da tuni na yanke mata hukunci. Tun da hannuna ba ya kai wa gare ta, to surarta zai kai. Daga yau kada a ƙara zana ta a murfin kowa. Wanda ya zana, a kankare murfin a gaban idonsa, a kuma sare hannun da ya yi zanen."

Aka yi shela. Aka zuba dogarai a mashigar jirgin da ke ƙetarar da gawa zuwa gaɓar yamma, inda maƙabartu suke. Duk akwatin da ya zo sai an ɗaga murfinsa an duba. Ga zazzaɓi bai tsaya ba. Mutane suka dinga kai 'yan'uwansu ƙarƙashin farin katako, suna dawowa ba mai duban idon wani.

To, a unguwar masu sana'a akwai wata mata wai ita Hunero. Aikinta niƙa shuɗin da masu zane ke shafawa. Shekara talatin tana durƙushe gaban dutsen niƙa, har gwiwoyinta sun yi kanta, tafin hannunta kuwa ya rine, wanki ba ya fitar da shi. Haihuwarta huɗu, uku sun koma tun suna goye. Wanda ya tsaya mata shi ne Pabaki, saurayi ɗan shekara goma sha tara, mai yankan kara a bakin kogi. Mace ce mai yawan fargaba. In ya yi tari sau biyu ba ta iya cin abinci, in ya makara a kogi sai a gan ta tsaye a bakin hanya da ɗan dutsen niƙa a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Duk abin da ta ji tsoro a kansa, kada ne, maciji ne, kifewar jirgi ne, babu wanda ya same shi. Zazzaɓi ne ya same shi, kwana hamsin da 'yan kai bayan dokar sarki, kuma kwana biyu kacal ya yi yana jinya.

Kanwar talaka ba ta kai ta sarki ba. Masu gyaran gawa suka ce mata ranar da suka miƙa shi, ranar za a rufe shi kafin faɗuwar rana, ba ya iya jiran gobe.

Ƙanenta Kenna masassaƙi ne, shi ya haɗa akwatin. Ana gobe jana'iza, da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, ta shiga rumfarsa da ƙoƙon shuɗi cikin zani. Ta ce ya kifa mata murfin.

Kenna ya dubi ƙoƙon, ya dubi ƙofa, ya ce, "Yaya, hannu fa suke sarewa."

Ta ce, "Wanne?"

"Wanda ya yi zanen."

"To da na hagu zan yi. Na dama ina da aiki da shi."

Ya ce, "Tun yaushe aka fara niƙa da hannu ɗaya? Kuma ke ba mai zane ba ce. Ko kifi kika zana sai an tambaye ki ina kan yake."

Ta ce, "Shekara talatin ina kallonsu suna yi. Kifa mini, Kenna."

Ya kifa mata. Ta tauna bakin kara ya yi laushi, ta dama shuɗi da ƙaro, ta fara daga fuska kamar yadda ake farawa, ta sauka kan hannuwa, sannan jiki. Zanen bai yi kyau ba. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, taurarin sun karkace. Amma duk inda ta ga kamar katako na leƙowa sai ta koma ta ƙara, tana cewa a ranta, nan sanyi zai shiga. Ta shafa, ta sake shafawa, har ya yi kauri. Ita da ta fi kowa sanin cewa shuɗi mai kauri ba ya bushewa a kwana ɗaya, ranar sanin bai yi mata amfani ba. Kenna ya manna farin ƙyalle a kai don ya ɓoye zanen, ya shafe gefe da farar ƙasa.

Washegari a mashigar jirgi dogari ya ɗaga murfin. Shuɗin ya ratso ƙyallen. Ga Nut nan a kwance, fuska da hannuwa, kamar mace a bayan labule.

Dogarin ya daɗe yana kallo. Shi ma ya binne ƙanwarsa a watan. Amma akwai wasu dogarai uku a bayansa, sai ya ce, "Inna, wa ya yi wannan?"

Kenna ya buɗe baki, ta riga shi. Ta ce, "Ni ce. Dubi hannuna."

Da yake ita ce ta farko da ta karya dokar, aka ce sai gaban sarki. Aka bar gawar a inuwar mashiga, Kenna na gadi, aka ɗora wa wani bawa murfin a ka, aka tasa ta gaba. Duk tsawon hanyar ba hannunta take tunawa ba. Rana take duba, tana auna saura nawa ta karkata.

Aka shigar da ita fada. Sarki na zaune bisa karaga, ya rame, idanunsa sun faɗa. Waziri na tsaye a damansa, fadawa sun yi sahu. Aka jingina murfin da ginshiƙi, aka yage ƙyallen. Wani ya yi ƙaramar dariya.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan laifi biyu ne. Ta saɓa wa sarki, ta kuma ci mutuncin sama. Ke tsohuwa, wannan mace ce ko kwaɗo?"

Hunero ta faɗi ta yi gaisuwa, goshinta a ƙasa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda aka yi dominsa ba mai zaɓe ba ne. Duk abin da na dafa yakan ci."

Sarki ya ce, "Ɗago kanki. Kin ji dokata?"

"Na ji, ya sarki."

"To zan yi miki tambaya uku. In kin ba ni amsar da ta tsaya da ƙafarta, zan duba lamarinki. In ba haka ba, ga wuƙar kankara, ga gatari. Ta farko: me ake kiran uwar da ke sa 'ya'yanta a baki?"

Ta dubi sarki. Sannan ta ce, "Ya sarki, ɗana mai yankan kara ne. Ya taɓa ba ni labari cewa kada, in ƙwanta ya fashe, takan kwashe 'ya'yan a baki ta kai su ruwa. Wanda ya hango daga kan tudu sai ya rantse ci take yi. Ni dai ban san abin da ke cikin bakin sama ba. Amma mu duka daga kan tudu muke hange."

Fadawa suka dubi juna. Sarki bai motsa ba. Ya ce, "Ta biyu. Rana takan dawo da safe, wannan kowa ya gani. Cikin waɗanda aka miƙa mata a akwati, nawa kika ga sun dawo?"

Ta ce, "Ko ɗaya."

"Ko ɗaya?"

"Na miƙa uku tun da daɗewa, ya sarki. Na yi ta sauraron ƙofa. Ko ɗaya."

"To don me kika sayar da hannunki a kan abin da ba ki ga amfaninsa ba?"

Ta ce, "Yaron nan tun yana ƙarami ba ya barin mayafi a jikinsa. Sai ya yi barci ya shure. In tashi in rufe shi, ya shure, in rufe shi. Har ya yi gemu ban daina ba. Yanzu za a sa shi inda ba zan iya shiga ba. Ban ce ta dawo mini da shi ba, ya sarki, na san ba a dawowa. So nake dai a sami wata a wurin, in ya shure."

Waziri ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini ta ukun. Ke mai bakin magana, tsakanin sarki da sama wa ya fi iko?"

Hunero ta gane rami ne. In ta ce sama, ta zagi sarki. In ta ce sarki, ta yanke wa kanta hukunci. Ta ce, "Sarki ya fi, ranka ya daɗe. Tun da aka yi duniya sama ba ta taɓa iya hana kowa kanta ba. Ɓarawo ta rufe shi, bawa ta rufe shi. Sarki kuwa ya iya, da kalma guda."

Waziri ya ce, "Yabo ne wannan ko zagi?"

"Ni mai niƙa ce, ranka ya daɗe. Abin da aka zuba mini shi nake niƙawa."

Sarki ya numfasa. Ya ce, "Bakinki ya fi zanenki kyau. Amma doka doka ce, kuma an binne mutane da yawa a ƙarƙashinta. Ba zan karya ta don mace ɗaya ba. Hannunki na bar miki. Murfin kuwa a kankare."

Ya ɗaga hannu don ya ba da izini. Hasken taga ya faɗa kan yatsunsa. A nan Hunero ta ga abin da ba wanda ya lura da shi a fadar: a gefen farcen babban yatsan sarki, can cikin lungun da fata ta haɗu da farce, akwai siririn layi na shuɗi. Ta san shi kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta cikin yara ɗari. Nata ne, mai duhun nan da ake wankewa sau bakwai, wanda ba a shafa wa komai sai jikin Nut. Sai ta tuna wani mutum da ya zo mata kwana goma da suka wuce, da tufafin ɗan dako amma tafin ƙafarsa sumul, ya sayi ludayi uku bai yi ciniki ba.

Ta san in ta faɗa a fili, ba hannu za ta rasa ba, kai ne, har da na Kenna. In ta yi shiru, ga dogari ya riga ya durƙusa gaban murfin da wuƙa. Ta ji ƙarar kankarar farko a ƙafar zanen.

Ta ce, "Ya sarki, an yi mini tambaya uku. A ba ni guda ɗaya, in mutu da amsarta."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Ta ce, "Ludayi uku na shuɗi mai duhu. Ya yi wa bango kaɗan, ya yi wa tukunya yawa. Ya yi wa babban mutum kaɗan, ya yi wa jariri yawa. Ruwa ba ya fitar da shi daga farce sai ya kwana ashirin. Me aka shafa?"

Waziri ya yi dariya ya ce, "Tsoro ya taɓa mata kai. Wa ya san lissafin ludayinki?"

Amma sarki ya sauke hannunsa a hankali, ya rufe babban yatsan cikin sauran. Ya ce wa dogarin, "Dakata." Sannan ya ce, "Kowa ya fita. Har kai, waziri."

Da fada ta zama babu kowa sai su biyu, sarki ya sauko daga karaga. Ya zo ya tsaya gaban murfin, ya daɗe yana duban karkatattun taurarin. Hunero na durƙushe, tana jiran abin da zai zo.

Ya ce, "Bai isa ba."

Ta ce, "Ya sarki?"

"Ludayi ukun. Ya ƙare mini kafin in kai hannuwa. Tana nan kwance a murfin akwatin ɗana ba hannu, ba fuska."

Ta manta da wanda take magana da shi. Ta ce, "Daga ƙafa ka fara?"

"Daga ƙafa."

"Ai ba a farawa daga ƙafa. Fuska ake fara yi, sai hannuwa, don in ya ƙare ya ƙare a inda ba komai. Kuma ka dama da kauri, ko?"

Ya ce, "Duk inda na ga katako sai in ga kamar sanyi zai shiga."

Sarki ya zauna a kan matakalar karaga, inda bayi ke zama. Ya ce, "Na yi kwana arba'in ina riƙe da fushina. Ran nan na shiga ɗakin da aka ajiye akwatinsa, na ga murfin fari fat. Yaron nan ko zauren da ba taga ba ya yarda ya shiga sai an riƙe masa hannu. Ba mai zanen da zan kira, domin ni na ce a sare hannunsa. Kuma ban iya fitowa gaban jama'a in ce na janye ba. Sai na aika a ɓoye aka sayo mini shuɗi, na zana da kaina."

Hunero ta ce, "Ka aika domin naka, ya sarki. Mu wa za mu aika?"

Ya rufe fuska da tafukansa. Da ya buɗe sai ya ce, "Inna, zo ki ƙarasa mini nawa. Abin da kike so zan ba ki."

Ta dubi taga. Hasken ya riga ya hau bango. Ta ce, "Naka yana da sauran kwanaki cikin kanwa. Nawa yana kwance a mashiga, rana kuwa ta karkata. Nawa tukuna."

Sarki ya ce, "Naki tukuna."

Ya sa aka kira waziri da fadawa suka dawo. Ya miƙa hannunsa a gabansu, ya buɗe yatsan, ya ce, "Ku duba. Wannan hannun ya riga nata karya dokar. In za a sare, da shi za a fara. Tun da ba mai sarewa a cikinku, to dokar ta faɗi. A yi shela yanzu." Sannan ya juya ga waziri ya ce, "Mutum nawa aka ƙetarar da farin murfi?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun haura ɗari huɗu, ranka ya daɗe."

"A tone su a zana musu."

Babban mai tsafi ya ce, "Ya sarki, kabarin da aka toshe ba a buɗe shi. Wanda ya tafi ya tafi yadda aka sallame shi."

Sarki ya dubi Hunero kamar mai neman ta ba shi wata amsa irin ta ɗazu. Ta ce, "Wannan ba ni da ita, ya sarki."

Ta lakato ɗan shuɗin da bai gama bushewa ba daga cikin zanen, ta toshe inda wuƙa ta ci a ƙafar Nut. Aka ɗauki murfin aka nufi mashiga, tana gaba tana sauri har tana tuntuɓe. Sarki ya biyo baya a ƙasa, ba laima, ba mai busa. Labari ya riga su isa. Mata suka fito bakin ƙofofinsu, waɗanda suka kai 'ya'ya da mazaje ƙarƙashin farin katako. Ba wadda ta zage shi, ba kuma wadda ta durƙusa. Suka tsaya kawai suna kallonsa yana wucewa, ƙofa bayan ƙofa, har bakin ruwa.

Aka rufe Pabaki rana na dab da taɓa dutse. Hunero ta dafa murfin da hannu biyu kafin a tura akwatin ciki, ta ce a hankali, "Ga shi nan. Yana shure-shure, ki yi haƙuri da shi."

An ce sarkin nan ya yi shekaru da yawa bayan haka yana mulki, bai ƙara kafa doka yana cikin kuka ba, kuma bai ƙara bin wannan titin a kan doki ba. Masu hikima suka ce: dokar da mai yin ta ya ɓoye ɗansa daga gare ta, zalunci ce da aka buga wa hatimi.